Matar da ta sa inji zagaya shekaru

Maiguwa direba bai san sunanta ba. Yana tsaye a ƙofar wani biro, wato ofis, a Keita, yana jiran takardar garuruwan da zai kai wa hatsin agaji, yana fatan ƙauyensu yana ciki.

Matar da ke haɗa takardar siririya ce, tabaranta ɗaure da zare, lalle ya koɗe a yatsunta. Tana zaune gaban ordinata, injin lissafi. Tun shekarar fari ake komawa gidaje iri ɗaya kowace kaka, ana tambayar damman gero da bakunan da za su ci. Kowace shekara sai an fitar mata da nata lissafi, ga man injin wuta ya kusa ƙarewa. Maiguwa ya ƙirga shekarun, ya dubi yatsunta, ya ga man ba zai kai ba.

"Madan, ɗai-ɗai za ki buga su? Wallahi wutag ga tahiya za ta yi!"

"Kai direba, ƙahwahun motakka ɗai-ɗai kaka juya su?"

Umarni guda ta rubuta, wanda zai zagaya shekarun da kansa. Ta danna, ta naɗe hannu, lambobi suna ta zubowa. A ransa ya ce wannan babbar ɗiya ce a gidan yawa, ta saba jera kwanoni ta bi su da ludayi ɗaya.

Takarda na fitowa injin wuta ya yi tari ya mutu. Ƙauyensu yana ciki. Ta miƙo masa ita, ya karɓa ya nufi motarsa.