Ya Cire Hula

Dattijon da ke gabana a layin rajista dogo ne, rigarsa ta sha guga, yatsunsa duk tabon allura. Ina jin tela ne mai neman izinin buɗe shago. Da hannu biyu yake miƙa katin shaidar ƙasarsu.

"Baba, ba ma karɓar wannan," in ji ma'aikaciyar.

Sai ya cire hula, yana murmushi irin na hotonsa da ke jikin katin.

"Duba da kyau, 'yata. Ni ne."

"Na gani, Baba. Katin ne ba na ƙasar nan ba."

Ya koma gefe, yana waiwayo ko wani zai sa baki. Ni kuwa ina kallon takalmina, ina murna layi ya motsa. Har aka buga mini hatimi, bai mai da hular ba.