Sudalai, Mutumin da Ya Hana Surukinsa Fasa Nokawut

Kafin Pechi ta sauke tukunyar shayi, mijinta Sudalai ya riga ya rataya madubin hangen nesa a wuya, ya hau keke sai bakin tafki. Can zai duba itatuwan da ke tsaye cikin ruwa, ya ga a wace sheƙa aka yi ƙyanƙyasa, wane ɗan tsako ne ya faɗo. Da hantsi motocin 'yan makaranta za su iso, ya jera yaran a gaɓa yana yi musu raɗa: wannan kwasakwasa ce, waccan shamuwa, ga zalɓe can a kan ƙafa ɗaya. Pechi kan ce, "Da na san angon tsuntsaye na aura, ai da na zo da fiffike."

A da, masu gadi kawai gwamnatin jiharmu ke ajiyewa a gandun tsuntsayen nan, aikinsu kora da sanda. Sudalai na cikin na farkon da aka ɗauka don su koyar da mutane. Mu 'yan garin Kulamedu mun gaji al'adar cewa ba a fasa nokawut muddin tsuntsaye na kan ƙwai, ko da ranar bikin fitilu ce. Al'adar ta soma sanyi, shi ya bi mu gida-gida har ta farfaɗo.

To, faɗa wa maƙwabta abu ne mai sauƙi. Ranar auren 'yarsa Ponni aka gwada shi. Uban ango, Velusami, mai injin casar shinkafa a birni, ya sauko daga mota da buhu biyu na nokawut. Kowa ya san uban amarya ba ya ce wa dangin ango a'a. Kowa kuma ya san ƙara ɗaya ta isa iyayen tsuntsaye su watse, 'yan tsaki su zube a ruwa, hankaki su dira kan ƙwai.

"Suruki," in ji Velusami, "yau sai garin nan ya san ɗana ya yi aure!"

"Suruki, a nan ba a fasawa."

"Ba a me? Ko gawa da nokawut muke raka ta, balle ango!"

Pechi ta ja rigar mijinta. "Ka rufa mana asiri, gidan mutumin nan fa yarinyar za ta zauna."

Sudalai ya sauke tawul daga kafaɗa ya ɗaura a ƙugu, yadda ake yi a gaban manya, ya ce, "Zo ka gaisa da sauran baƙina tukuna." Ya ja shi har bakin tafki, mu muna biye, ya ɗora masa madubin a ido. Velusami ya daɗe yana kallon wata kwasakwasa tana ɗura wa ɗanta kifi.

"Su ma 'ya'yan garin nan ne, gida suka zo haihuwa," in ji Sudalai. "Yadda zan ba ka amanar Ponni, haka aka ba ni tasu."

"In kuma na ce ba nokawut, ba aure fa?"

"Zan yi kuka, Suruki. Amma ba za a fasa ba."

Velusami ya sauke madubin, ya dube shi sama da ƙasa, sai ya bushe da dariya. "Kai, wannan taurin kai! Allah ya sa 'yarka ta gado ka, don ɗan nan nawa mai juya shi yake nema." Aka mayar da buhunan mota, muka koma muka ci shinkafar biki a ganyen ayaba har muka yi nak.

Sudalai, kai ne ka koya mana cewa gandu ba na gwamnati kaɗai ba ne. Uban marasa baki! Yaran da ka yi wa raɗa a gaɓa, yau su ke kawo nasu 'ya'yan.

Makon jiya ya ajiye aiki, aka yi masa taron sallama a inuwar tsamiya. Sabon direban gandu, baƙo ne bai sani ba, ya zaro jerin nokawut don ya karrama shi. Kafin ya ƙyasta ashana wani tsoho ya fizge ta daga hannunsa. Velusami ne, ɗauke da jikarsa, 'yar Ponni, a kafaɗa.

"Kai, daga ina kake? A nan ba a fasawa!"

Duk wanda aka ba amanar abin da ba ya iya kai ƙara, ya zo Kulamedu ya ga yadda ake riƙewa. Mun gode, Sudalai. Ka yi haƙuri da tafin da muka yi maka a hankali, shamuwa na kan ƙwai.