Daga Maraɗi Zuwa Riyad Saboda Ƙafar Yaya Hamisu

Litinin: Maraɗi zuwa Kano

Ƙarfe biyar saura kwata na asuba na fita daga gida. Inna ta rako ni har zaure tana maimaita saƙonta: idan na tarar za a taɓa ƙafar Yaya Hamisu da wuƙa, in ɗauko shi mu dawo. Shi ne babban wanmu. Shekararsa goma sha ɗaya yana kula da wani sito a Riyad, kuma ciwon suga ya buɗe masa gyambo a ƙafar hagu.

Motar tasha ta tashi shida da minti goma. A Ɗan Isa jandarmomi da 'yan duwan, wato kwastan, suka riƙe mu minti arba'in, a Jibiya aka sake duba fasfo. Na ci waina a Katsina, muka shiga Kano biyu da rabi. Na kwana Fagge wajen wani ɗan garinmu.

Talata: Kano zuwa Riyad

Jirgi ya ɗaga tara da rabi na safe, ya sauke mu Jidda bayan la'asar. Na canja wani, na iso Riyad ana kiran isha'i. Rabi matar Yaya ce ta tarye ni. Mai tasi ya karɓi riyal tamanin zuwa unguwar Suwaidi, kusan kilomita hamsin. Na sami Yaya a kishingiɗe, ƙafar a naɗe bisa matashi. Ya rame, amma bakinsa yana nan.

"Inna ta aiko ka ka kama ni ko?" in ji shi.

Na ce, "Ta dai ce in gani da idona."

Laraba: wajen likita

Da safe Rabi ta zaro katuna biyu daga jaka. Na tambaye ta amfanin biyu.

"Wannan na tamin ne, inshorar da kamfaninsu ke yi wa ma'aikata," in ji ta. "Shi ke ɗaukar babban asibiti, kwanciya da tiyata. Sai dai kullum sabon likita za ka tarar, minti biyar ya sallame ka. Wannan kuma ishtiraki ne. Mu ke biya duk wata, riyal ɗari da hamsin, a wani ƙaramin asibiti nan bayanmu. Likita ɗaya ce, ta san shi, ko sau nawa muka je ba a ƙara karɓar komai."

"Yaya Rabi, wannan ai biya biyu ne a kan ciwo ɗaya."

"Mu je dai ka gani."

Tafiyar minti shida ce a mota. Likitar, Dakta Amal, 'yar Sudan ce. Ta kwance ƙafar da kanta, ta nuna mana hotunan gyambon na kowane mako a wayarta, waɗanda Rabi ke tura mata. Ta ɗauki jini, ta daɗe tana danna ƙaramin yatsan, wanda ya yi baƙi. Sannan ta yi magana, Yaya yana fassara mini.

"Ta ce aikinta ya tsaya nan. Wanki, gwaji da daidaita magani nata ne. Yatsan nan kuwa ya mutu, sai babban asibiti, da katin tamin."

Na faɗi saƙon Inna, ya fassara mata bai rage komai ba. Ba ta yi gardama ba. Ta ce yau yatsa ake magana, in aka ƙara mako biyu a hanya, wataƙila gwiwa za a yi magana. Ta rubuta takarda, ta buga wa likitan tiyata waya muna zaune.

Alhamis zuwa Asabar

Mun isa babban asibitin takwas na safe, lambarmu ta layi talatin da huɗu. Likitan tiyata ya karanta takardar Dakta Amal, bai sake gwajin da ta riga ta yi ba. Aka ce sai kamfanin inshora ya ba da muwafaƙa, wato amincewa. Muka zauna awa biyar. Na ci shinkafa da kaza na riyal goma sha biyar a wani shago a ƙetaren titi. Amincewar ta fito bayan azahar.

Ranar Juma'a Yaya ya kira Inna da kansa. Na ji yana cewa, "Inna, yatsa ɗaya ne, na ƙarshe. Ki yi haƙuri ki sa mini albarka." Daga baya ta ce a ba ni wayar.

"Isufu, ka gani da idonka?"

"Na gani, Inna."

"To a yi."

An shiga da shi ɗakin tiyata tara na safiyar Asabar, aka fito da shi kafin sha ɗaya. Kwana uku ya yi a gado, tamin ya ɗauki nauyin. Da aka sallame shi muka koma wajen Dakta Amal, ita ta ci gaba da wankin kowane kwana biyu. Ranar Alhamis na raka shi Sulai, unguwar sito-sito, ya kai wa mai gidansa takardar hutu. 'Yan Damagaram da ke aiki ƙarƙashinsa suka yi mana shayi.

Komawa

Na bar Suwaidi shida na safiyar Lahadi, na kwana Kano, na shiga Maraɗi Litinin ƙarfe huɗu da kwata, kwana goma sha huɗu cif da fitata. Ina cire takalmi a ƙofar ɗakin Inna saƙon murya ya shigo daga Rabi. Na kunna mana. Ta ce yau Yaya ya taka da sanda har masallacin unguwa ya dawo, ba wanda ya riƙe shi. Inna ta ce in sake kunnawa.

Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Rabi da Dakta Amal kuwa, Allah ya saka musu da alheri.