Barakatu Mai Wankan Gawa Ta Koma Aji

Shekara tara Barakatu ta yi tana wanke gawar mata a Maiyama. Wata Laraba ta ga shatin yatsu a wuyan wata mata da aka ce zazzaɓi ne ajalinta. Ta gaya wa yayanta Gado, ya ce, "Ke likita ce? Ja bakinki ki yi shiru." Kafin la'asar an binne matar.

Tun daga ranar zama ya gagare ta. Sau biyu ta sake jarrabawar sakandare a Jega kafin ta samu gurbin karatun binciken gawa a jami'a. Yanzu tana aji uku. Ko hutu ta zo gida, ba ta cika kwana huɗu sai ta fara haɗa kayan komawa.