Burtu Mai Ƙanshin Amarya

A shekarar da na yi aure, kafin Nasara su shiga babban yaƙinsu na biyu, wata uku cur ban kashe barewa ko ɗaya ba. Ni kuwa ba baƙon daji ba ne. Tun ina saurayi baffana ya ɗaura mini burtu a goshi, wato kan tsuntsun nan da mafarauta ke sassaƙawa su lulluɓe da fata, ya koya mini rarrafe a rairayin da ke tsakanin Gure da Bune. Ka duƙa, ka rufa baƙin zane, ka riƙa kaɗa kai kamar mai tsintar fara. Barewa ba ta tsoron burtu, sai ta bar ka ka matso inda kibiya za ta kai. Ka dai tabbata iska daga wajenta take fitowa ta bugi fuskarka.

Duk na kiyaye. Amma da iska ta ɗan karkata, tun ina nesa sai bareyin su ɗaga kai, su ruga, su bar ni durƙushe. Na zargi bakana, na zargi maƙiya, har rubutu na sha. Baffa ya ce burtun na kakanmu ne, ba ya zama a ɗakin da ba a kawo nama. In damina ta faɗi ban yi kisa ba, ɗan ƙanwarsa zai ba. Abin ya ci mini rai ƙwarai.

Wata safiya ya ce zai bi ni ya gani da idonsa. Ko bayan gari ba mu kai ba ya tsaya, ya kama zanen ya sunsuna.

"Kai, ɗana, daji za ka ko gidan biki?"

Ashe aikin amaryata ne. Ƴar Mangawa ce, a gidansu mace ba ta barin tufar miji ta fita ba ta sha turaren wuta ba. Kullum sai ta kifa kwando a kan kasko ta shimfiɗa kayana, har da zanen daji. Ni kuma hanci ya saba, ga daɗin aure, ina zan ji?

Baffa ya sa na wanke zanen a tafki, na turmuza shi cikin toka da busasshen kashin shanu. Ya ce daga yau reshen aduwa ne mazauninsa, kada ya sake shiga gida. Bayan kwana huɗu na shigo da barewa a kafaɗa.

Faɗa mata ne ya fi mini wuya. Da ta ji, sai ta ce, "To, maigida, zane na barewa ne. Riga fa?"

Na ce riga tata ce.

Shekara talatin da ɗoriya tana tare ni a ƙofa da riga mai ƙanshi, tana toshe hanci tana dariya. Burtu yana nan rataye a ɗakina, rarrafe kam gwiwa ta hana ni tuntuni. Rigar ƙarshe da ta turara tana cikin adaka, har yau ban yarda an wanke ta ba.