Makonni Uku a Kan Tabarma

Shekarar da matata ta rasu, surukata ta tafi da 'ya'yanmu mata biyu Zariya. Ban yi gardama ba. Ina fita daga gidan hayarmu na Kwamba da an sallame sallar asuba, in shiga motar Abuja, ba na dawowa sai magariba ta wuce, idan go-sulo ya yi sauƙi ke nan. Wa zai yi musu wanka, wa zai tarbe su daga makaranta? Aka yi shawara za su riƙa zuwa wurina duk dogon hutu.

Babbar tana da shekara goma sha ɗaya a lokacin. Sunan mahaifiyata ta ci, ga ta kuma 'yar fari, don haka ban taɓa kiran sunanta ba, Uwata nake ce mata. Ƙaramar, Auta, shekararta shida.

Hutun farko ya faɗo a tsakiyar damina. Na ɗauki hutun aiki, na share ciki da falo, na sayo shinkafa da taliya da madara. Abin da ban tanada ba shi ne abin da za mu yi da junanmu. Kwana biyu ana ruwa kamar ba za a daina ba, tsakar gida ta zama tafki, ga wuta an ɗauke. Na ba su wayata suna kallon hotuna masu motsi har cajin ya ƙare. Daga nan muka zauna. Uwata ta jingina da bango tana wasa da bakin hijabinta, ni ina kan kujera da tsohuwar jarida a hannu. A ranar na gane cewa duk shekarun nan uwarsu ce ke tsakanina da su. Ita ke ce mini wance ta yi kaza yau, ita ke ce musu ku je ku gaishe da Baba. Da babu ita sai na rasa ta inda ake farawa.

Auta ce ta gaji da shirun. Ta zo ta dafa gwiwata ta ce, "Baba, a gidanka ba a wasa?"

A ɗakin nan aka haife ta, a wannan tsakar gida ta koyi tafiya, amma gidanka ta ce. Na ce mata ana yi mana, bari ruwa ya tsagaita.

Da la'asar ruwan ya ɗauke, na hau keke zuwa kasuwa. Mai kayan wasan da na samu ya baje mini motoci masu batir da 'yan tsana masu kuka idan an danna cikinsu. Ya tambaye ni shekarun yaran, na faɗa masa. Ya ce, "Malam, waɗannan kwana uku ne, batir ya mutu an jefar. Idan kai ma za ka zauna da su, ɗauki ludo." Na ɗauka.

Washegari bayan karin kumallo muka shimfiɗa tabarma a falo. Ludo gida huɗu ne, mu kuwa mu uku. Auta ta ɗauki ja, na ɗauki shuɗi, na tura wa Uwata kore don shi ne a gabanta. Ta juya allon a hankali ta ɗauki rawaya.

Ta ce, "Kore na Umma ne."

Ban san suna yin ludo da uwarsu ba. Ashe akwai wani tsohon ludo da maƙwabciya ke ara musu, suna yi da yamma kafin in dawo daga aiki. Muka bar 'ya'yan kore huɗu a gidansu, muka fara.

Auta ba ta iya faɗuwa ba. Da an cinye mata ɗa sai ido ya ciko. Da na ga haka sai na fara kauce mata, in ga ɗanta a gabana in tura wani daban. Sau biyu na yi, a na uku Uwata ta ɗora yatsa a kan allon.

"Baba, biyar ka samu. Ga nata nan a kan biyar."

Na ce ban lura ba.

Ta ce, "Ka lura. Umma ba ta bar mata. Cewa take idan an bar mata a gida, a makaranta wa zai bar mata?"

Na cinye ɗan. Auta ta yi kukanta, ta shige ɗaki, bayan ɗan lokaci ta dawo ta zauna ta ce ai saura uku. A kan tabarmar nan na ji abubuwa da yawa game da matar da na zauna da ita shekara goma sha uku. Wai idan ta samu shida sai ta yi 'yar guɗa ƙasa-ƙasa don kada maƙwabta su ji. Wai tana hura iska a cikin ɗan kofin kafin ta kaɗa. Ban taɓa gani ba.

A mako na biyu ludo ya fara gundurar Uwata. Wata safiya da rana ta ɗan leƙo, ta fita tsakar gida ta tsinto duwatsu ƙanana masu santsi, ta wanke su a bakin rijiya. Ta ce za ta koya mini carafke. Na ce ai wasan mata ne. Ta ce to a gidan nan mata sun fi yawa.

A jefa dutse ɗaya sama, a kwashi na ƙasa, a cafe na saman kafin ya faɗo. A hannunta abin kamar ba komai ba. Ni kuwa in na jefa sai ya bugi rufi, in na kai hannu ƙasa sai in watsa sauran har ƙarƙashin kujera. Sau ɗaya dutsen ya sauko mini a goshi. Uwata ta rufe baki da hijabi, kafaɗunta na rawa, daga baya ta kasa riƙewa ta kwanta a tabarma tana dariya. Tun ranar da na ɗauko su daga tasha ban ji dariyarta ba sai ranar. Matar telan da ke ɗakin gaba ta leƙo ta taga ta ga ni durƙushe ina laluben dutse, ta ce, "Sannu da aiki, Malam," ta saki labule.

Ita ce ma ta ba Auta ƙyallayen atamfa. Mun sayi gasasshiyar masara a bakin titi, muka shanya totuwar ta bushe, Uwata ta ɗaura mata zani da ɗankwali, na zana mata ido da biro. Ido ɗaya ya fi ɗaya girma. Auta ta ce ba komai, haka Allah ya yi ta. Ta goya ta da tawul ɗina har ranar tafiya.

Ni abin da na iya shi ne dara. Mahaifina manomi ne a wani ƙauye kusa da dutsen Zuma, kuma idan an taso daga gona yakan haƙa gidajen dara a ƙasa a gindin mangwaro, shi da abokansa, ni ina tsugune ina kallo. Na yanko kwalin taliya, na zana gida talatin, layi biyar na shida-shida. Na tara murafen kwalba goma sha biyu, Uwata ta tara ƙwallayen dabino goma sha biyu. Na nuna mata yadda ake zubawa ɗaya bayan ɗaya, yadda ake turawa, da yadda wanda ya jera uku yake cire ɗan abokin wasansa. Kwana huɗu ina cinye ta. A na biyar ta yi mini wani tarko da ban gani ba sai da na faɗa.

Dara wasa ne na shiru, kowa idonsa a ƙasa. Ina jin shi ya sa ta iya faɗin abin da ta faɗa. Saura kwana uku su koma, Auta tana barcin rana, ruwa yana sauka a kwano a hankali. Ta tura ƙwallon dabino gida ɗaya, ba ta ɗago ba, ta ce, "Baba, na iya dafa shinkafa yanzu. Na iya wanki. Zan iya kai Auta makaranta in ɗauko ta."

Na gane inda ta dosa. Na riƙe murfin kwalba a hannu na daɗe ban ajiye ba. Na ce mata na san ta iya, amma ita ma yarinya ce, ba zan bar su su biyu a gidan haya tun duhun asuba har dare ba. Na ce kakarsu Hajiya tana kula da su fiye da yadda zan iya. Na ce ina neman a mayar da ni wani ofis kusa, idan Allah ya sa an dace za mu sake magana.

Ta ce, "To."

Ta jira na ajiye murfin, ta jera ukunta, ta cire mini ɗa. Muka ƙarasa wasan.

Ranar Lahadi na kai su tasha na damƙa su hannun ƙanin uwarsu da ya zo ɗaukarsu. Na sa ludo a jakarsu, na ce su riƙa yi da 'yan uwansu a can. Da na dawo na tarar da tabarmar a shimfiɗe yadda muka bar ta. Sai da ta yi mako guda kafin na naɗe.

Da na koma aiki, wata abokiyar aikinmu tana ƙorafi a ofis cewa yaranta huɗu sun ƙare hutu kowa da waya a hannu, ba mai yi wa wani magana, in an karɓe kuma gidan ya zama filin dambe. Ban san lokacin da na sa baki ba. Na ce ta sayi ludo, amma kada ta miƙa musu ta shige kicin, ta zauna a ƙasa ita ma ta ɗauki gida ɗaya. Na ce ƙananan a ba su totuwa da ƙyalle, ko kwali da almakashi marar tsini, su yi abinsu da hannunsu, sun fi riƙe shi da daraja. Manyan a koya musu dara, ba ta buƙatar wuta ko batir. Kuma kada a bar wa ƙarami ya ci don gudun kuka.

Ta dube ni ta ce, "Malam, ashe kai gwani ne. Gidanka dai ana shan daɗi."

Ba ta daɗe da zuwa ofishinmu ba, ba ta sani ba. Na ce mata alhamdu lillahi.

Daga nan abin ya bi ni. Duk wanda hutu ya gabato sai ya zo teburina. Wani ya ce 'yan biyunsa shekara huɗu, me ya dace da su? Wani ya ce babansa ya tsufa ba ya fita, me jikoki za su riƙa yi da shi? Na zana gidajen dara a bayan takarda ban san sau nawa ba. Ranar Litinin su dawo suna ba ni labari, wai matar wane ta cinye kowa, wai wane ya yi fushi ya kifar da allo. Ina jin daɗin labaran, da gaske nake ji. Sai dai idan motar yamma ta wuce dutsen Zuma, fasinja kowa ya fara kiran gida yana cewa ga shi nan ya kusa, ni sai in sa wayata a aljihu.

Maƙwabcina na jikin bango mutumin kudu ne, makanike, da matarsa da yara biyu. Shi ma na ba shi shawarar, ya sayi ludo. Ranar Lahadi bayan sun dawo daga coci nakan ji ƙarar ɗan kofin ta bango, da gardamarsu cikin Turancin kasuwa. Sau ɗaya ya ƙwanƙwasa mini ƙofa, ya ce da Hausarsa mai karkata, "Oga, zo mana, mutum ɗaya ya rage." Na je, sun karrama ni, matarsa ta kawo mini lemo. Na yi wasa biyu na yi musu godiya. Ya sake kira wani makon na ce ina da wanki. Ba laifinsu ba ne. Idan na fito daga ɗakinsu nawa yakan ƙara faɗi.

Yau shekara uku ke nan. Canjin wurin aikin bai samu ba, an ce in ƙara haƙuri. Yaran sun zo hutu biyu bayan wancan, kowanne mun yi shi a ƙasa, har Auta ta iya faɗuwa ba kuka. A watan jiya na kira surukata, bayan gaisuwa ta ce, "Bana fa sai dai ka yi haƙuri da babbar. Jarrabawa ce a gabanta, makarantar ta ce za su zauna karatu duk hutun. Ƙaramar dai za a kawo maka."

Na ce, "Ba komai, Hajiya. Allah ya ba ta sa'a."

Ta ce amin, ta ce yarinyar tana gaishe ni, wai ta tafi islamiyya.

A makon nan na tsaya wani shago kusa da inda muke hawa mota, na tambayi yarinyar shagon abin da mutum biyu za su yi, babba da 'yar shekara tara. Ta ɗauko mini wani kwali, hoton kasuwa ne da raƙuma da mutane, an yayyanka shi gutsi-gutsi, sai an zauna an haɗa. Ta ce yakan ci kwana uku ko huɗu idan ba a gaggauta ba. Na saya. Ranar Asabar na sauko da shi daga kan kabad, na juya shi, na karanta bayansa, na ji gutsattsarin suna motsi a ciki. Ban yage ledar ba. Na mayar da shi, na ɗauki bokiti na fita layin ruwa.