Haruffa Huɗu da Kular Dambu

Kawuna ba ya jure dogon bayani. Ɗan kasuwa ne a Aubervilliers, gefen Paris, yana sarin takalma yana aikawa Damagaram, kuma shi ya tsaya mini tun da na zo karatu Lyon. Da ya tambaye ni a kan me nake bincike, don in huta na ce masa a kan abin da 'ya'ya ke gada a jikin iyaye. Shi ke nan fa, ya baza a Paris cewa 'yar ƙanwarsa likitar jini ce.

Aikina daban ne. Duk mai rai a doron ƙasa, mutum ne, gero ne, ƙuda ne, gadonsa a rubuce yake cikin DNA da haruffa huɗu kacal. Ni tambayata ita ce, in akwai masu rai a wata duniya can cikin taurari, dole ne su ma da waɗannan huɗun aka rubuta su? A ɗakin gwaji muke haɗa wasu haruffa dabam mu ga ko za su kwafu. Ina son aikin nan, har gobe ma.

A Faransa ranar kare digirin dakta kowa na iya shiga ya saurara, in an gama kuma dangi ke ciyar da malamai. Kawu ya ciko mota tun daga Paris, da kulolin dambu da kilishi. Cikin mutanen akwai wata Hajiya daga Sevran, matar abokin cinikinsa. 'Yarta budurwa na fama da amosanin jini, wato sikila, kullum tana hanyar asibiti.

A bakin ƙofa Kawu ya raɗa mini, yana ta fara'a: "Saboda ke ta zo. Na ce mata a kan irin ciwon 'yarta kike karatu, wataƙila an samo wani abu sabo."

Na ji kamar in shaƙe shi da rawaninsa, amma malamai sun riga sun zauna.

Hajiya ta zauna a layin gaba, kuma ta fi Kawu jin Faransanci nesa ba kusa ba. Da na fara maganar gado sai ta matso, ta kafe ni da ido. Da na haska hoton wata duniya mai ƙanƙara, na ga ta koma baya a hankali, ta ɗora jaka a cinya. Ba ta fita ba. Wallahi da ta fita da ya fi mini sauƙi. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, ina tsaye ina zuba a kan halittun da ba wanda ya taɓa gani.

Aka ba ni digiri, aka tafa. Kawu sai ɗaukar hoto yake. Hajiya ce ma ta riƙa zuba wa malamaina dambu, sannan ta nufo ni da faranti.

"Barka da arziki, 'yata."

"Hajiya, ki yi haƙuri, Kawu ne bai gane ba."

"Ni na gane. Na saurare ki tun daga farko." Ta miƙo mini farantin. "Su waɗancan na sama, in akwai su, jikinsu irin namu ne?"

"Ba dole ba ne. Ana iya rubuta rai da wasu haruffan."

"Kenan ba lalle su gadar wa 'ya'yansu abin da na gadar wa tawa ba."

Na san duk abin da ake kwafa sai an samu kuskure, su ma za su yi nasu ciwon. Ɗazu na faɗa wa malamai haka ba ko gargada. A gabanta kuwa sai na sunkuyar da kai ina kallon dambun.

Ta ce, "To, Allah ya sa ba irin namu ba ne."

Wayarta ta yi ƙara, ta duba, ta ɗan matsa gefe. Ina riƙe da farantin ina jin ta.

"A'a, uwata, ba a samu ba tukuna. Kin sha maganinki?"